Giwan Ruwa a Katangar Alhaji Usmanu

Abdussamadu ɗan masunta ne na Argungu, gaba da baya. Kakansa ya yi su, ubansa ya yi su, har gwaggonsa an ce in ta shiga ruwa da ƙwarya ba ta fitowa hannu sake. Shi kuwa da aka kai shi bakin gulbin Matan Fada yana ɗan shekara tara, aka ɗora shi bisa gora, sai ya ƙanƙame shi yana ihu kamar an zo yanka shi, har ya jiƙa wandonsa da ruwan da ba na gulbi ba. Uban ya dube shi, ya dubi jama'a, ya saɓe shi a kafaɗa ya mayar gida. Daga ranar ba wanda ya sake yi masa zancen homa, ragar da kowane namiji na gidansu ya iya jefawa tun kafin ya iya alwala.

Abu ɗaya Allah ya ba shi, in za a kira shi baiwa. In ya ga bango a share, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ya fara da gawayi a zauren gidansu, ya koma alli, ya koma shunin wankin uwarsa. Kuma ba wani abin kirki yake rubutawa ba, sunansa ne. Abdussamadu, Abdussamadu, suna mai tsawo kamar hanyar Kamba, sannan ya zana ɗan kifi a gefe. Mutumin da bai taɓa kama ko tarwaɗa ba, shi ne ya cika garin masunta da kifin gawayi. Ya sha bulala a gida, ya sha a makaranta, ya sha a hannun maƙwabta. Wata tsohuwa da ya ɓata wa katanga sau uku ita ta raɗa masa suna Ɓata-Bango, sunan kuwa ya bi shi kamar ƙuda ya bi mai miki. Ba abin da ya tsana a duniya kamar sunan nan.

Da ya girma ya koma Birnin Kebbi, ya sami ɗaki a Badariya, ya auri Riskuwa mai turara shinkafa, mace mai haƙuri a aiki, marar haƙuri a baki. Sana'a dai ya samu. Shi ke rubuta "Ana sayar da ƙanƙara" a ƙofar gidajen masu firiji. Shi ke rubuta "Allah ya isa ga mai fitsari a nan", ko da yake an sha ganinsa tsugune a gindin rubutun nasa. In wani ya dawo daga Makka, shi ke zana jirgin sama a bakin zaure, jirgi mai tumbi kamar kaza ta ci ta ƙoshi. Lokacin zaɓe kuwa, da safe ya rubuta wa wannan jam'iyya, da yamma ya shafe ya rubuta wa waccan, da buroshi guda, bai ma wanke ba.

Wannan duk aikin da aka sa shi ne, kuma ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne wanda ba a sa shi ba. Ranar da ba aiki, sai ya rataya jakarsa ya shiga lungunan tsohon gari, ya sami katangar mutane ya hau zane. Kwalekwale, masunta, kifi, sannan sunan nan mai tsawo. Masu gida su fito su zage shi, ya ba da haƙuri, ya matsa lungu na gaba.

To, katangun tsohon gari na ƙasa ne, kuma kowa ya san al'ada. In damina ta matso, maigida zai kira magina a kwaɓa ƙasa a yi sabon yaɓe, don kada ruwa ya cinye bangon. Yaɓen nan ba ya tambayar wa ya yi zane. Duk abin da Abdussamadu ya wahala a kai tun daga kaka har bazara, a mako biyu za a lulluɓe shi da laka. Wanda maginan suka manta, ruwan sama ya ƙarasa. Shekara ashirin da biyu yana rubuta sunansa a Birnin Kebbi, babu guda ɗaya da ya ga damina biyu.

Kowace shekara in an fara yaɓe sai ya dawo gida kamar wanda ya fito daga jana'iza, ya zauna a bakin murhu yana huci.

"Malam, wa ya rasu?" in ji Riskuwa, tana juya shinkafa a tukunya.

"Sun shahe na ƙofar gidan mai goro. Kwana uku na yi ga zanen nan."

"Allah ya jiƙan shi. Ka ci tuwo?"

"Ke ba ki gane ba. Ubana ya kama giwan ruwa shekara talatin da sunka wuce, har yau in anka zauna ana zancen. Ni in na mutu, mi za a ce na bari?"

"Ka bar 'ya'ya huɗu, ka bar tabon fenti ga kowace riga ta gidan ga, har zanen sallata bai tsira ba. Ai ka bar tarihi."

Abin da yake so ke nan a rayuwa, ba gida ba, ba gona ba, ba kujerar Makka ba. Yana so ya ga sunansa a bangon da zai wuce damina. Namiji da gemu har da furfura, burinsa bai wuce na yaro mai gawayi ba.

Ana nan sai Alhaji Usmanu, dillalin shinkafa, ya gina katafaren sito a bakin hanyar da ta fita Birnin Kebbi ta nufi Argungu, daidai kwanar da ake shiga Zauro. Ya kewaye shi da katangar bulo, aka yi mata filasta, aka shafe ta fari ƙal. Tsawonta ya kai tirela uku a jere. Ba yaɓe, ba laka, siminti zalla. Ranar da Abdussamadu ya fara ganinta yana bisa kabu-kabu, ya yi ta juya wuya har sai da mai mashin ya ce masa in faɗuwa yake so ya bari su kai inda yashi yake.

Shekara biyu ya yi yana tara ragowar fentin mai daga ayyukan mutane, yana ɓoyewa a ƙarƙashin gadon Riskuwa, har ɗakin ya koma warin garejin masu gyaran mota. Da ya ji Alhaji Usmanu ya tafi Umra, sai ya nufi shagon Shadrach neman abin da ya rage masa. Shadrach mutumin Filato ne, ya shekara ashirin yana sayar da fenti a Birnin Kebbi, kuma ya san hannun kowane mai zane a garin kamar yadda ungozoma ta san 'ya'yan unguwa.

"Malam Samadu, buroshi mai faɗin haka? Masallacin Idi za ka shafa?"

"Aiki ne babba, Oga Shadrach."

"Wa ya ba ka?"

"Zuciyata."

"Zuciya ba ta sa hannu a takarda. In katangar da nake tsammani ce, mai ita ko tsuntsu ya yi masa kashi a kai sai ya nemi iyayensa."

"Ara mini rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin hanya."

"Ban ara maka ba. Ga ta can a ƙusa, ni kuma zan shiga ciki in sha ruwa."

Da hantsi ya fara, rana tsaka, kowa na gani. Dabarar ke nan, kuma ita kaɗai ce dabarar da ya taɓa yi a rayuwarsa sai guda da za ta zo. A ƙasar nan in mutum ya sa riga mai ƙyalli ya ɗauki tsani, ko ɗakin ajiyar banki ya nufa sai an riƙe masa ƙofa. Tsohon da ke gadin siton ya fito ya gaishe shi, ya ce ashe Alhaji ya bar sallahu, ya kawo masa benci, ya kawo ruwan randa. Kwana huɗu Abdussamadu yana bisa tsani cikin zafin bazara, mai gadi na riƙe masa ƙafar tsanin yana yi masa sannu.

Gaskiya kuma ko ta mutumin banza ce sai a faɗe ta. Kifin ya yi kyau. Giwan ruwa ne tun daga wannan kusurwa har waccan, bayansa shuɗi mai duhu, cikinsa fari kamar azurfa, kowane ɓawo an zana shi shi kaɗai. Ya buɗe baki ya lanƙwasa wutsiya kamar yanzu ya tsinke daga raga. A ƙarƙashinsa ga masunta ƙanana bisa gorunansu, homa a hannu, kowa ya ɗaga kai yana kallon abin da ya fi ƙarfinsa. Idon kifin kuwa, duk inda ka tsaya kai yake duba. Tsofaffin masunta da ke wucewa zuwa Argungu sukan sa a tsayar da mota su sauka. Ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana kallo, ya ce wanda ya zana wannan ya san ruwa. Abdussamadu na jin haka ya kumbura kamar kwaɗo, bai ce masa ko a kwatami ba ya iya tsallake ruwa sai an riƙe masa hannu.

A rana ta huɗu ya sauko ya durƙusa a kusurwar dama, ya rubuta da baƙin fenti, harafi kowane kamar tafin hannu: Abdussamadu Mai Zane, Argungu. Sai hannun ya yi abin da ya saba yi a ƙarƙashin kowane allon shago. Ya ƙara lambar wayarsa.

Ɓarawon akuya ma ya san ba a barin takalmi a garke. Alhaji Usmanu ya dawo ranar Laraba, ya ga katangarsa, aka ce sai da aka ba shi kujera. Ranar Alhamis wayar Abdussamadu ta yi ƙara, wata murya mai ladabi ta ce ko shi ne mai zanen kifi, ana son ganinsa a bakin aikin, akwai magana. Ya ce wa Riskuwa manya sun fara nemansa. Ya sa shaddarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya fesa turare. Mai murya mai ladabin ɗan sanda ne, kuma a bayan mota aka ɗora shaddar.

Kwana biyu ya yi a tsare. Riskuwa ta kai masa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta tsaya ta bayan ƙarfe tana dubansa.

"Malam, ashe manyan sun karɓe ka hannu biyu. Har da masauki."

"Riskuwa, ki bari."

"Ka dai kama hannunka. Na ga bangon nan nasu shina da faɗi."

A gaban alƙali, Alhaji Usmanu ya yi bayani har da kumfar baki. Ya ce ya bar katanga fara ya je Ɗakin Allah, ya dawo ya tarar da dabba kwance a kanta. Ya ce shi shinkafa yake sayarwa, yanzu mata na zuwa da kwano suna tambayar bandar kifi.

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya dubi Abdussamadu ta saman tabarau.

"Kai ka yi?"

"Allah ya gafarta malam, ai ga sunana nan."

"Mun gani, har mun kira. Katangarka ce?"

"A'a."

"An sa ka?"

"A'a. Amma Allah ya gafarta malam, in da ka ga idon..."

"Na gani, ta nan nake wucewa. Ba a kawo kifin ƙara ba, kai aka kawo."

Hukunci ya fito a taƙaice. Zai mayar da katangar fara da hannunsa, a gaban shaida. Zai kuma dangwala yatsa a takarda cewa in ya sake ɗora buroshi a bangon wani ba da izini ba, wata shida ne a gidan yari, ba zancen tara. Alhaji Usmanu ya miƙe ya ce shi zai sayo kayan shafen da kansa, don bai yarda mutumin nan ya sake riƙe gwangwanin fenti a kusa da dukiyarsa ba. Alƙali ya ce a rubuta haka.

Alhaji ya tafi shagon Shadrach. Shadrach ya ce masa fentin mai sai fentin mai ke rufe shi, shafi biyu. Alhaji ya ji yawan gwangwanin da za a buƙata, ya ce farar ƙasa ma fara ce.

"Ranka ya daɗe, farar ƙasa ba ta kama bayan fentin mai. Zama take yi a kai kamar hoda a fuskar mai gumi."

"Kai da shi bakinku ɗaya. Kakannina da farar ƙasa sunka shafe ɗakunansu, ba su mutu ba."

"To, ranka ya daɗe."

Da Abdussamadu ya iso bakin katanga ya ga buhunan farar ƙasa a jingine, sai ya sunkuyar da kai da sauri don kada a ga fuskarsa. Duk mai shafe ya san in ana so farar ƙasa ta yi ƙarko, sai an jiƙa ƙaro an zuba, an watsa gishiri, an bar ta ta kwana. Shi kuwa ya dama ta da ruwa zalla, tsararo kamar kunun gidan marowaci. Alhaji na tsaye yana kallo, har ya yaba, ya ce ashe ɗan banzan ya iya tattali, ga buhu guda zai ragu. Abdussamadu ya hau tsani yana shafe kifinsa yana jan majina, yana matse ido, mutane na cewa kaico. Zafin rana ya busar da ita nan take, katanga ta koma fara tas. Ɗan sanda ya shaida, aka watse.

Daga ranar Abdussamadu ya zama manomin da ba shi da ko kunya ɗaya ta gona. Da asuba ya fito ya duba gabas. Da azahar ya fito ya duba gabas. Damina ta yi jinkiri a shekarar, manoman Zauro da na Augie suka shiga damuwa, aka fita roƙon ruwa a bayan gari. Mutumin da sallar Juma'a ma sai an tayar da iƙama yake isowa, shi ne a sahun farko, ya juya rigarsa baibai kamar yadda liman ya yi, yana amin da ƙarfi har na kusa da shi na matsawa.

"Malam, gero ka shuka ko dawa?" in ji Riskuwa da ya dawo.

"Ina taya Musulmi."

"Awo. Allah ya ba Musulmi kifinsu."

Ruwan ya sauko wata Talata bayan la'asar, da iska da tsawa. Kowa na gudu cikin gida, shi ya fita da gudu, ya tare mai kabu-kabu ya roƙe shi har ya yarda. Ɗan masuntan da ya tsere wa gulbi ya tsaya a tsakiyar ruwan sama, jiƙe sharkaf, yana kallon katanga na zubar da farin ruwa kamar nono. Idon ne ya fara fitowa. Sai baki, sai ƙayar baya. Kafin magariba rabin giwan ruwa ya leƙo. Ruwa na biyu da na uku suka ƙarasa aikin, har masunta da gorunansu, har kusurwar dama. Abdussamadu Mai Zane, Argungu. Ruwa ya dake shi sau uku bai goge ba, sai ma ƙara sheƙi da ya yi.

Kwana tara sunan ya yi a fili, kuma a kwana taran nan ba a iya zama da shi. Ya daina gaida na ƙasa da shi. Ya ce wa Riskuwa ta riƙa goge masa hula.

Alhaji Usmanu ya koma wurin alƙali a fusace. Alƙali ya sa aka buɗe takarda, ya ce an umarci mutum ya shafe, ya shafe a gaban shaida, kuma wanda ya sayo farar ƙasar ga sunansa nan a rubuce. Ya ce in Alhaji yana da ƙara a kan ruwan sama, ba wannan kotun ba ce.

Alhaji ya dawo ya tsaya gaban katanga yana cizon leɓe. A 'yan kwanakin ya lura da wani abu. Direbobin da ke zuwa ɗaukar shinkafa daga nesa sun daina ɓata hanya, da an ce musu sito mai kifi sai su zo kai tsaye. Kifin dai bai ci masa ko ƙwaya ba. Abin da ke tsaye masa a maƙogwaro yana can kusurwar dama. Ya aika shagon Shadrach aka kawo gwangwani mafi ƙanƙanta, baƙi, na mai. Wannan karon ya ji shawara. Ya miƙa wa mai gadi, mai gadi ya durƙusa ya shafa sau biyu. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

Abdussamadu ya zo washegari ya tarar da baƙin tabo mai kusurwa huɗu a inda sunansa yake. Ya koma gida ya ɗauko ƙaramin buroshi da farin fenti ya zuba a aljihu. Riskuwa na tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

"Wata shida ne, Malam. Kuma gidan yari ya yi mini nisa, ba ni kai tuwo."

Ya tafi duk da haka. Ya tsaya gaban tabon, hannu a aljihu. Mai gadi na zaune a benci yana kallonsa, waya a tafinsa yana shirin kiran Alhaji. Taku uku ne tsakaninsa da katangar. Ya tsaya har inuwa ta juya, ya ƙanƙame buroshin a aljihu kamar yadda ya ƙanƙame gora shekara arba'in da suka wuce. Daga ƙarshe ya zare hannun daga aljihu ba komai a ciki, ya gaida mai gadi, ya ce zafi ake yi.

Yana tsaye a bakin titi yana jiran abin hawa, sai wani mai kabu-kabu ya tsaya da wata mata da buhun albasa.

"Hajiya, mun iso. Nan ne Kwanar Ɓata-Bango."

Abdussamadu ya matso. "Kai, mi ka ce?"

"Kwanar Ɓata-Bango, Baba. Haka kowa ka ce mata yanzu. Wani mahaukaci ne ya zana kifin, har anka ɗaure shi."

"Sunan shi Abdussamadu. Kuma ba a ɗaure shi ba, tsarewa anka yi."

"Ban san wanga ba. Za ka gari?"

Damina uku ke nan yanzu, kifin na nan, baƙin tabon na nan, sunan kwanar ya shiga bakin direbobi har na Sakkwato. Abdussamadu ya koma zana jirgin alhazai da tallar ƙanƙara, ba ya taɓa bangon kowa sai an kira shi. Amma duk Juma'a da yamma yakan sa shaddar nan ya fito titin Badariya ya tare mashin, ya ce a kai shi Kwanar Abdussamadu. Mai mashin ya ce ina ne nan. Ya ce wajen siton Alhaji Usmanu. Mai mashin ya ce Alhaji Usmanu nawa ne a garin. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sunkuya daidai kunnen mutumin ya faɗi ɗaya sunan a hankali.

"To, ka ce haka mana, Baba. Hau mu tahi."